Ranar da Baba Ya Je Bakin Teku

Mu 'yan unguwar New Bell ba mutanen ruwa ba ne. Kakanmu ya zo Duwala daga ƙasar Kano yana saurayi, ya zauna, ya haifi Baba a nan, Baba ma ya haife mu a nan, amma har na yi wayo ban san mutum ɗaya a layinmu da ya iya iyo ba. Kogin Wouri yana nan kusa da mu, sai dai kallonsa muke yi ta tagar mota idan za mu haye gada. Ruwan da muka sani shi ne na sama, wanda kan wuni ya kwana yana zuba, ya cika kwatoci, ya shigo mana tsakar gida har sai mun ɗora tabarmi da buhun shinkafa a kan tebur.

Baba tela ne, mai aikin zare a wuyan riga, kuma hannunsa ya yi suna a unguwa. Shagonsa wata 'yar rumfar kwano ce a bakin layi, ba nisa da kasuwa. Ban da ɗinki, yana cikin waɗanda ake kira idan an yi rasuwa, shi ke wanke maza. Ta nan ya san abin da ruwa ke yi wa jikin mutum. Ya wanke samarin da aka tsamo daga kogi bayan sun kwana a ciki, ya wanke wani magidanci da kwata ta ja. Bai taɓa ba mu labarin ba, amma duk ranar da ya dawo daga irin wannan wanka, Inna ba ta ma kai masa abinci, don ta san ba zai ci ba. Ba mutum ba ne mai yawan dokoki. Guda ɗaya ce ya kafa mana da ƙarfi: kada ƙafar kowa ta taka bakin kogi.

Ni ce babba a ɗakinmu, sai mata biyu a bayana, sai auta, namiji ɗaya tilo. Shi ne ya karya dokar. Yana da aboki a lekol, wato makarantar boko, wanda mahaifinsa ke cikin masu nutso a kogi suna ɗebo yashi da bokiti suna cika kwale-kwale. Idan an tashi, maimakon ya dawo gida, sai su bi ta can. Inna ce ta fara ganewa, saboda kullum tana samun yashi a aljihun wandonsa, idanunsa kuma jajur kamar wanda ya yi kuka. Da maganar ta kai ga Baba, ya doke shi, kuma wannan ne karo na farko da na ga Baba ya ɗaga hannu a kan ɗansa. Auta ya yi sati biyu yana dawowa a kan lokaci, sannan yashin ya dawo aljihu. Baba bai sake dukansa ba. Ya daina yi masa maganar kawai, kuma a gidanmu wannan ya fi duka ciwo.

Karatu bai karɓi auta ba. Da ya faɗi jarrabawa sau biyu sai ya ajiye, ya sami aikin shara da wanke wurin ninƙaya a wani otal a unguwar Bali. Mai ceton da ke kula da wurin wani dattijo ne ɗan bakin tekun Kiribi, jikan masunta, gajere mai faɗin ƙirji. Wata rana da sassafe ya tarar da auta ya shiga ruwan kafin baƙi su fito, ya tsaya ya kalle shi, maimakon ya kai ƙararsa sai ya ce masa yana da ƙarfi amma yana faɗa da ruwa kamar mai dambe. Daga nan ya ɗauke shi ya koya masa. Auta yana kiransa koci, mu ma muka bi shi da haka. Cikin 'yan shekaru auta ya ci jarrabawar masu ceto, aka ba shi jar riga da usur da kujera mai tsawo a bakin ruwa.

Ranar da ya zo gida da labarin, ina zaune ina taya Inna tsinke ganye. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Baba ya faɗa masa.

Baba ya ce, “Wato aikinka ke nan, ka zauna kana kallon matan mutane babu kaya a jikinsu.”

“Baba, ba su nake kallo ba. Ruwan nake kallo.”

“Ruwan ma ai na hana ka.”

“Idan mutum ya nutse, ni ke ciro shi.”

Baba ya ce, “Allah ya ba da sa'a,” da irin muryar da ake sallamar baƙon da ba a so ya daɗe. Ba da jimawa ba auta ya kama ɗaki a unguwar Nylon, yana zuwa gaisuwa ranar Juma'a.

Kocin nan da wasu abokansa suna shirya gasa duk shekara idan damina ta ɗauke, a bakin tekun Kiribi. Masu ceto ne ke shiga, na otal-otal da na tashar jiragen ruwa, da 'ya'yan masunta, wani lokaci har da baƙi daga ƙasashen da ke kusa. Ba gasar sauri ba ce ta ɗan lokaci, gasar juriya ce, tana cin kusan rabin yini. Ana farawa da gudu a kan yashi, sai a faɗa teku a yi iyo a kewaye wasu jajayen tuluna na roba da aka ɗaure can nesa, a dawo. Sai mutum ya ɗauki wani dogon allo mara nauyi, irin wanda suke ceto da shi, ya durƙusa a kai yana tuƙawa da hannuwansa biyu. Daga ƙarshe sai siririn kwale-kwale na mutum ɗaya da filafilin tuƙi mai kai biyu, wanda ake zuwa da shi nesa har a ɓace wa ido kafin a juyo. Babu hutu a tsakani, sai kurɓar ruwa a tsaye.

Sau ɗaya na ga auta a wannan gasa yana kan ganiyarsa. Lokacin ina aiki a wani biro, wato ofis, na masu fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa, ban yi aure ba tukuna. Ya zo ya same ni a wurin aiki, yana ta jujjuya makullin ɗakinsa a hannu, ya ce, “Yaya, kowa yana da wanda ke riƙe masa ruwa da tawul. Ni koci ke riƙe mini, shi kuma aiki ya yi masa yawa.” Na faɗa wa Baba zan tafi Kiribi ranar Asabar. Ya ce in gaida hanya.

Ban san ƙanena ba sai ranar. A gida shi mutum ne mai sunkuyar da kai, mai tuntuɓe da butoci, wanda in an tambaye shi abu sai ya yi ta kame-kame. A can kuwa da aka busa usur, sai na ga wani mutum daban. A gudu bai yi gaba ba, yana tsakiya. Da suka isa ruwa, sauran suna ta karo da raƙuman ruwa suna komawa baya, shi sai ya nutse ta ƙarƙashinsu ya ɓullo can gaba, kamar ya san lokacin da kowanne zai zo. Da ya fito ɗaukar allo, na miƙa masa gora, ya kurɓa bai ko kalle ni ba, gishiri ya yi fari a girarsa. A kwale-kwale suka ɓace su uku, shi da wasu 'ya'yan masunta biyu. Na tsaya a rana, mayafina ya jiƙe da gumi, ina ta karanto duk addu'ar da na iya. Can sai ga ɗigo ɗaya ya ɓullo. Wata mata mai gasa kifi a gefena ta tambaye ni da Faransanci ko nawa ne. Na ce ban sani ba tukuna. Ta kare ido da hannu ta ce, “Ɗan Hausan nan ne. Babu mai zama a miƙe haka sai shi.” Ashe a can sun san shi, har suna da sunan da suke kiransa.

Kusa da gaɓa ya dakata da tuƙi, na zaci ƙarfinsa ne ya ƙare. Ashe jira yake. Wani babban raƙumin ruwa ya taso a bayansa, ya yi tuƙi biyu uku ya hau kansa, ruwan ya kawo shi har kan yashi. Ya diro ya ruga ya tsallake igiyar ƙarshe, sannan ya zube a gwiwa. 'Ya'yan masunta suka ɗaga shi sama suna waƙa da yarensu. Ni kuwa ina tsaye da tawul ina kuka, babu ko mutum ɗaya a wurin da zan juya in yi wa magana da Hausa.

An ba shi lambar wuya da fanka mai tsayuwa. Fankar ya kai shagon Baba ya jona ya tafi. Baba ya yi shekaru yana shan iskarta, bai taɓa tambayar daga ina ta fito ba. Da yammar ranar da muka dawo, ana zaune a tsakar gida, na fara ba da labari. Inna ta ajiye ludayi tana saurare, ƙannena mata suna ta tambaya. Ina isowa wurin da ya hau raƙumin ruwan, Baba ya jawo takalminsa ya ce, “Magariba ta kusa,” ya fita. Da sauran lokaci sosai kafin a kira salla.

Haka shekarun suka wuce. Auta ya ci gasar ya sake ci, wata shekarar ya zo na biyu. Ni na yi aure na koma unguwar Bonamoussadi, ga aiki ga goyo, sai dai ya kira ni a waya ya faɗa mini yadda aka yi. Daga gidanmu babu wanda ya sake zuwa. Inna ta so zuwa, amma ba za ta tafi inda Baba bai sa albarka ba. A cikin waɗannan shekarun ne idanun Baba suka fara yin yana. Ya bar aikin zare mai ƙanana, daga baya ya bar wa yaransa keken ɗinkin gaba ɗaya, yana zama a bakin shago da amininsa, wani tsoho mai sayar da goro da suka taso tare tun suna yara. A lokacin ne kuma kafaɗar auta ta dama ta fara ciwo. Likita ya ce jijiya ce ta gaji, ya huta shekara guda, in ba haka ba za ta tsinke. Auta ya yarda, ya faɗa wa koci bana ba da shi ba.

Sai aka yi wani ruwa a tsakiyar damina, ranar Juma'a da hantsi. Ban ga abin da idona ba, Inna da maƙwabta suka ba ni labari, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Babbar kwatar da ke bayan layinmu ta cika ta tumbatsa, tana gudu da robobi da katakai. Aminin Baba ya taho da kwandon goronsa zai haye ta kan katakon da aka gitta, santsi ya kwashe shi. Auta ya zo gaisuwa, yana tsugune a bakin shago, ya ji ihu. Bai faɗa ruwan nan take ba. Ya fizgi wata jarka da babu komai a ciki, ya ruga ta gefen kwatar yana bin ruwan, har wasu suna zaginsa wai gudu yake. Sai da ya wuce tsohon sannan ya faɗa, ya tare shi, ya cusa masa jarkar a ƙirji, ya riƙe shi ta baya. Gaba kaɗan akwai inda kwatar ke shiga ƙarƙashin titi, wanda ya shiga nan ba ya fita da rai. Auta ya kama wani ƙarfe da ke bakin ramin da hannun dama, ya riƙe kansa da tsohon har samari suka kawo igiya.

Baba yana tsaye a ƙofar shago cikin ruwan sama, ba ya ganin komai sai inuwoyi, yana tambayar duk wanda ya gifta. Aka kawo amininsa aka kwantar, auta ya danna masa ƙirji har ya amayar da ruwa ya yi tari. Inna ta ce da aka watse, Baba ya shigo gida ya zauna a jiƙe, ya daɗe, sannan ya ce, ba da kowa yake ba, “Da yau ni zan wanke shi.”

Ranar ya sa aka dafa wa auta shayi da citta, ya kuma ce ya kwana a gida. Bayan wasu makonni na je gaishe su, muna zaune ni da shi a zaure, ya ce, “Wannan abin nasu na Kiribi, yaushe ake yi?”

Na ce, “Sai ruwa ya ɗauke, Baba.”

“To, bana zan je. Ki nema mana mota.”

Na yi murna, amma na tuna da kafaɗar, wadda tun ranar kwata auta ba ya iya sa riga sai ya cije baki. Na faɗa wa Baba gaskiya, na ce likita ya hana shi. Baba ya ce, “To ya bari. Baɗi ma rana ce, in da rai.” Na ɗauka magana ta ƙare. Sai na kira auta na ba shi labari.

Ya ce, “Shi da bakinsa ya ce zai je?”

“Da bakinsa. Amma ya ce ka bari sai baɗi.”

“Yaya, jiya na miƙa masa kofi, sai da ya laluba. Baɗi me zai gani?”

Washegari ya je da kansa ya ce wa Baba kafaɗa ta warke, har ya ɗaga hannu sama ya nuna masa. Inna ta ce da ya fito zaure sai da ya jingina da bango. Na yi masa magana, mijina ya yi masa magana, koci ya ce ba zai rubuta sunansa ba. Auta ya ce in bai rubuta ba, zai bi su a baya ba lamba. Koci ya san zai aikata, sai ya rubuta shi, ya kuma sa jirgi mai inji ya riƙa bin sa kusa.

Da asuba muka kama motar Kiribi, ni da Baba da Inna. Baba ya sa farar babbar rigarsa, wadda ya yi wa aiki da hannunsa lokacin idonsa na da kyau. A Duwala aka haife shi, ya tsufa a cikinta, amma bai taɓa ganin buɗaɗɗiyar teku ba. Da muka sauka muna tafiya tsakanin itatuwan kwakwa, ya tsaya ya karkata kai.

“Wannan ƙarar fa? Injin mene ne?”

“Ba inji ba ne, Baba. Tekun ce.”

“Haka take yi kullum?”

“Dare da rana.”

Na riƙe hannunsa har bakin yashi. Ya ce ba ya ganin komai sai wani farin haske mai motsi. Koci ya kawo kujeru, Inna ta zauna a inuwa, Baba ya ƙi zama. Auta ya zo da ɗan wandonsa na iyo, ya ɗaura tawul a kai saboda kunya, ya durƙusa. Baba ya dafa kansa ya yi masa addu'a doguwa, a gaban duk mutanen nan, wasunsu da kwalaben giya a hannu suka yi shiru har ya shafa.

Da aka fara, Baba ya ce, “Ke ce idona yau. Ki faɗa mini abin da kike gani, kada ki ƙara kada ki rage.”

Gudu ya tafi lafiya. A iyo auta ya fito cikin na gaba-gaba, na faɗa wa Baba, ya gyaɗa kai. Amma da na miƙa masa gora na ga da hagu ya karɓa, leɓɓansa sun yi fari. A kan allo aka fara wuce shi, yara sababbi da ban san su ba. Baba yana tambaya, ina faɗa: mutum biyu sun wuce shi, yanzu sun zama biyar. Ya dawo ya ajiye allon, ya ja kwale-kwalensa. Ranar teku ba ta kwanta ba, raƙuman ruwa suna fashewa da ƙarfi a bakin gaɓa. Ya wuce na farko, ya wuce na biyu. Na uku ya taso masa a tsaye, ya soka filafili da dukan ƙarfinsa ta dama don ya haye, ya haye ɗin, amma ina gani daga nan hannun ya saki.

Na yi shiru. Baba ya matse mini yatsu.

“Me ya faru?”

“Ya wuce inda ruwa ke fashewa.”

“Ba shi na tambaye ki ba.”

“Hannunsa na dama ba ya ɗagawa, Baba. Da hagu kawai yake tuƙi, jirgin yana ta karkacewa.”

“Ya tsaya?”

“Bai tsaya ba. Masu jirgin inji sun matso suna yi masa magana, yana girgiza kai.”

Sauran duk sun yi nisa. Shi kaɗai ya rage a wurin, yana tuƙi ɗaya, ya gyara, ya sake ɗaya, yana nufar tulun farko. Baba ya fuskanci tekun da idanun da ba sa gani, iska tana kaɗa rigarsa. Ya daɗe a haka. Ni na san abin da yake so, yana so ya tsaya nan har ɗansa ya je ya dawo, ko da zai kai la'asar. Sai ya ce, “Kira mini malamin nasa.”

Koci ya zo da waya a hannu. Baba ya ce, “Faɗa masa ya gaya wa na cikin jirgin, su ce wa yaron ubansa ya ce ya fito. Su ce na gani, ya isa.” Na juya maganar da Faransanci, koci ya kira. Ina kallo jirgin ya matsa, wani ya sunkuya ya yi magana. Auta ya bar tuƙi. Ya juyo ya kalli gaɓa, kuma na tabbata ya hango farar rigar nan, don babu irinta a duk bakin tekun. Sannan ya ɗora filafilin a kan cinyarsa, ya bari suka kama shi suka ja shi cikin jirgi. Tunda ya fara wannan gasa bai taɓa fita bai gama ba sai ranar.

Suka sauke shi yana riƙe da hannun a ƙirji, yana rawar sanyi duk da zafin ranar. Bai iya kallon kowa ba. Ya ce, “Baba, ka yi haƙuri, ka sha hanya a banza.” Baba ya laluba fuskarsa, ya laluba wuyansa, ya kai kan kafaɗar ya ji yadda ta kumbura, ya janye hannu da sauri. Sai ya tuɓe babbar rigar ya lulluɓa masa, ya rage daga shi sai 'yar ciki. Ya ce, “Ni ne na makara.” Inna ta juya baya tana share ido da bakin mayafi.

Kafin motar asibiti ta zo, Baba ya sa na tambayi koci yadda auta yake a da. Koci ya tsuguna a kan yashi ya fara, da Faransanci yana haɗawa da Pidgin, ina juyawa. Ya faɗi yadda yake karanta ruwa, da shekarar da ya bar na biyu da nisan da har aka zaci ya yanke hanya, da mutanen da ya ciro a bakin aikinsa waɗanda bai taɓa faɗa mana ba. Baba ya saurara har ƙarshe, yana tambaya, yana cewa a maimaita masa wani wurin. A bayanmu aka yi ta shewa, wanda ya ci gasar ya iso, babu wanda ya waiwaya a cikinmu.

Jijiyar ta tsinke. An yi masa aiki a Duwala, ya yi watanni da hannu a rataye, amma har yau ba ya ɗaga shi ya wuce kafaɗa. Otal ɗin sun jira shi iya jiransu, sannan suka ɗauki wani, don ba a ba mai hannu ɗaya tsaron rayukan mutane. Yanzu yana zagaya gidajen masu hali da babur, yana gyara injinan wuraren ninƙaya yana zuba musu magani. Yana da mata da 'ya'ya uku, yana rufa wa kansa asiri.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, shekarar da ta biyo baya wasu likitocin ido suka zo, mijina ya kai Baba, aka cire masa yanar ido ɗaya. Ya dawo yana gani, har yana zura zare a allura don ya ba jikoki dariya. Ya ƙara shekaru masu dama a duniya da idonsa. Da auta ya jira, da kafaɗar ta huta, da Baba ya je ya gan shi sosai. Babu wanda ya san haka a lokacin, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya ɗora wa ɗaya laifi ba. A shekarun ƙarshe kullum da yamma auta yana biyowa ta shago, su zauna su uku da mai goro. Gasar ma daga baya ta mutu, koci ya tsufa ya koma ƙauyensu, ba a sami mai ɗauka ba.

Kwanakin baya auta ya biyo ta gidana bayan ya gama aiki a wani gida kusa da mu. Na zuba masa abinci, muna hira, sai na tambaye shi abin da na daɗe ina son tambaya, ko yana jin ciwon abin har yanzu. Ya ci gaba da cin abincinsa.

Ya ce, “Cin gasar ba ya damuna, Yaya. Akwai wani wuri ne can bayan tulun ƙarshe, inda ba kya jin kiɗa, ba kya jin mutane, ƙasa ma sai ki ga ta zama wani siririn layi. Ruwan wurin ba ya fashewa, ɗaga ki kawai yake ya sauke. Ba kya jin komai sai numfashinki. Nan nake so in sake zuwa.”

Na ce ai ana iya ɗaukar jirgi mai inji a kai shi. Ya yi murmushi ya ce da inji ba wurin ba ne.

Ya wanke hannu, ya leƙa waje ya ga hadari ya haɗo ta gabas, ya ce bari ya kama hanyar Nylon kafin layinsu ya cika. Na riƙe masa jakar kayan aiki har ya tayar da babur, sannan na rataya masa ita a kafaɗar hagu.